Wa Ke Bayan "Amnesty Ta Ce"?

Da wuya mako ya wuce mai sauraron labaran safe bai ji an ce "ƙungiyar Amnesty International ta ce" ko "Human Rights Watch ta zargi" ba. A majalisun Rijiyar Zaki ta Kano, daga bakin tasha har gindin bishiyoyin da manoma ke shan iska in sun taso daga gona, jin haka kan raba mutane gida biyu. Wasu su ce karnukan farautar Turawa ne, ba abin da suke nema sai a kunyata ƙasa. Wasu su ce ba don su ba, da an binne magana tare da mamatan. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: ƙungiya ai ba ta da baki, to wane ne ya zauna ya tsara maganar, ya tsayar da adadin da za a faɗa, ya zaɓi ranar da za a sake ta, ya kuma nemi ɗan jaridar da ya karanto mana?

Wannan shi ne jami'in yaɗa labarai na ƙungiyar. Ba shi ke zuwa ƙauye ya tattaro shaidu ba, wannan aikin masu bincike ne. Ba shi ke tsayawa gaban alƙali ba, akwai lauyoyi. Nasa aikin yana farawa ne lokacin da masu bincike suka ajiye masa rahoto mai shafi sittin ko ɗari, cike da ayoyin doka, aka ce ya mayar da shi abin da edita zai buga, gidan rediyo ya karanta cikin minti guda, gwamna ya ji ya kasa yin shiru, tsohuwar da aka kashe wa jika kuma ta ji ta ce haka aka yi. Kamar mai shelar gari yake: saƙon ba nasa ba ne, ba shi da ikon ƙara masa gishiri, amma in muryarsa ba ta kai ƙarshen unguwa ba, tamkar ba a aiko shi ba.

Ba aikin baƙi kaɗai ba ne. Amnesty, wadda wani lauya ɗan Ingila, Peter Benenson, ya assasa a 1961, ta buɗe ofishinta na Najeriya a Abuja a 2015. Isa Sanusi, tsohon ma'aikacin sashen Hausa na BBC, ya yi shekaru yana riƙe da ɓangaren yaɗa labaranta kafin ya zama daraktanta na ƙasa a 2023. Shi ya sa masu sauraro a Kano ke jin matsayin ƙungiyar da Hausa daga bakin mai ita, ba ta bakin tafinta ba.

Mafi nauyin abin da ke wuyan jami'in shi ne adadi. A duba abin da ya faru a Zariya tsakanin 12 da 14 ga Disamba 2015, lokacin da sojoji suka far wa mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky. A kwanakin farko kowane ɓangare da lissafinsa, kuma tsakanin na sojoji da na mabiya akwai tazarar ɗaruruwan rayuka. Kafin watan ya ƙare Human Rights Watch ta ce an kashe aƙalla mutum 300. Masu fushi sun raina adadin, hukuma ta ga an zuzuta. Sai ga shi a Afrilun 2016 sakataren gwamnatin Kaduna na lokacin, Balarabe Lawal, ya shaida wa hukumar bincike ta Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba cewa an binne gawa 347 a rami guda. A watan ne Amnesty ta fitar da nata rahoton, ta ce waɗanda aka kashe sun haura 350, ta haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam na wurin da ake zaton shi ne kabarin a Mando. Da a ce tun farko wani jami'i ya biye wa zafin zuciya ya rubuta dubu biyu, da ranar da gwamnati ta amsa 347 ba za a yi maganar mamatan ba, sai dai maganar ƙaryar ƙungiya. Saboda haka ƙwararre a wannan aiki yakan tsaya a kan adadin da zai iya karewa da suna, da wuri, da shaida, ko da zuciyarsa na raya masa cewa abin ya fi haka.

Kafin sanarwa ta fita akwai wahalar da mai sauraro ba ya gani. Ana rubuta wa hukumar da ake zargi wasiƙa, a ba ta lokaci ta mayar da martani, in ta amsa a saka amsar, in ta yi shiru a ce ta yi shiru. Lauya ya bi kowace jimla. Bidiyon da ke yawo a WhatsApp ba a karɓarsa haka nan: a duba allon shago, da lambar mota, da kakin jami'an, da harshen da ake yi, don sau da yawa abin da ake cewa ya faru jiya a Kano tsohon hoto ne daga wata ƙasa. Sannan a raba wa 'yan jarida rahoton tun kafin ranar, bisa sharaɗin kada kowa ya buga sai ƙarfe kaza. A shirya wanda zai yi magana da Turanci da wanda zai yi da Hausa, a kuma yi musu tambayoyin da suka fi zafi tun a ofis, kafin ɗan jarida ya yi musu su a bainar jama'a.

Mun ga wannan a ƙofar gida. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 zuwa 10 ga Agustan 2024, Amnesty ta fitar da rahoto a ƙarshen Nuwamba, ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Kano, Jigawa, Katsina, Kaduna, Borno da Neja, 12 daga ciki a Kano, har ta ambaci Rijiyar Lemo da Ƙofar Nasarawa. Rundunar 'yan sanda ta ƙaryata, a Janairun 2025 kuma ta nemi a janye rahoton a ba ta haƙuri. Ba sabon abu ba ne. A Maris 2017 masu zanga-zanga sun yi dafifi a ƙofar ofishin ƙungiyar a Abuja suna cewa ta bar ƙasar, a Disamba 2018 kuma rundunar soja ta nemi a rufe shi. A irin wannan rana wayar jami'in yaɗa labarai ce ba ta hutawa, kuma shi ne zai haɗiye zagi ya maimaita abin da ke rubuce ba tare da ya rama ba.

Sai batun hoto, wanda a ganina nan ne aikin ya fi tsauri. Ranar 1 ga Nuwamba 2024 aka kai yaran da aka kama lokacin zanga-zangar, da yawansu 'yan Kano, gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja bayan kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotun. Hotunan suka karaɗe duniya, kwana uku bayan haka shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Abin da takardun koke suka kasa yi a wata uku, gani ya yi shi a kwana uku. To amma fuskokin yaran nan suna nan a intanet, za su girma, su nemi aiki, su nemi aure, hoton na biye da su. Jami'in da ya san aikinsa kullum yana tsakanin buƙatu biyu: labari ba ya tafiya sai da fuska, fuska kuwa ta mai ita ce. Don haka ake neman yardar mutum bayan an fahimtar da shi inda maganarsa za ta kai, ake sauya suna, ake rufe fuska, wani lokaci ma a bar labari mai ƙarfi a aljihu. Ma'aikacin ƙungiya zai koma Abuja. Wanda ya ba da shaida kuwa a unguwar zai kwana, kuma wanda ake zargi ya san ƙofar gidansa.

Zargin da mutanenmu ke yi wa baƙi masu zuwa da sunan taimako ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, 11 suka rasu. Sai a Disamba 2000 jaridar Washington Post ta fasa ƙwan ga duniya, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A tsakani Kano ta dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Jami'in da ya zo Kano bai san wannan tarihi ba, ya ɗauka jahilci ne ke sa a juya masa baya, ya faɗi jarrabawa tun kafin ya buɗe baki.

Akwai kuma saɓani na gaskiya da bai kamata a lulluɓe ba. Amnesty na adawa da hukuncin kisa a kowane hali, al'ummar da ta yi maraba da dawo da shari'ar Musulunci a 2000 kuwa ba za ta bi ta a kan haka ba. Mutum na da ikon ƙin ra'ayin ƙungiya a wannan fage. Amma ƙin ra'ayinta daban, ƙaryata gawar da ta ƙirga daban. Masu cewa bakin Turawa take yi su tuna cewa ita ce a Fabrairun 2022 ta ce Isra'ila na yi wa Falasɗinawa mulkin wariya, a Disamba 2024 kuma ta ce kisan ƙare dangi ake yi a Gaza. Ranar da ta faɗi haka mun yi ta tura wa juna a waya. Ba daidai ba ne ta zama mai gaskiya in ta taɓa na nesa, maƙaryaciya in ta taɓa na gida.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Babban aibin waɗannan ofisoshi shi ne sun fi kallon Abuja da Landan da Janeba fiye da mutanen da ake magana a kansu. Rahoto ya fito da Turanci, a yi ta muhawara a X, alhali manomin da abin ya shafa rediyo ce a rataye a wuyansa, Freedom ko Rediyon Kano yake ji, ko BBC da ke magana da shi da Hausa tun 1957. Sannan abin da ke da jini da hoto shi ke samun kanun labari. Zaluncin da ke cin mutum a hankali ba ya samun mai shela. Rijiyar Zaki, da ke ƙaramar hukumar Ungogo a kan titin Gwarzo, birni na ta haɗiye gonakinta, inda ake gero da dawa jiya yau fulotai ne. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma in an karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar da doka ta fi kula da ita ta amfanin gona ce da gini, ba ta darajar ƙasar da aka gada kaka da kakanni ba. Magidanci nawa ne ya san haka kafin a kafa masa turaku a gona? Haka batun kuɗin beli da kowa ya san an ce kyauta ne, da wanda ke zaman jiran shari'a shekara da shekaru a gidan gyaran hali. Jami'in yaɗa labaran da ya iya mayar da waɗannan abin tattaunawa a shirin rediyo na dare ya fi mini wanda sanarwarsa ta shiga jaridun Amurka.

Matasa masu sha'awar aikin, musamman ɗaliban Tsangayar Sadarwa ta Jami'ar Bayero da ke nan maƙwabtanmu, su sani cewa albashi da tafiye-tafiyen da ake hange ba su ne aikin ba. Ana son wanda zai rubuta shafi guda mai tsabta cikin awa ɗaya, da Turanci da Hausa, wanda ya karanta babi na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, ya taɓa zama a ɗakin labarai ya san abin da edita ke jefarwa a kwando. Ana son mai riƙe sirri, mai jure kallon hotunan gawa ya kuma koma gida ya ci tuwo da iyalinsa, wanda in ɗan garinsu ne ya yi laifin alƙalaminsa ba zai karkace ba. Mafari kuwa ba Abuja ba ne: ƙaramin gidan rediyo ne, ko ƙungiyar unguwa da ke bin kadin mutanen da aka tsare.

Kai kuma mai karatu, in abu ya same ka ko ya sami naka, kada ka tsaya ga kuka a Facebook. Rubuta rana da lokaci da wuri tun abin na sabo. Riƙe sunayen waɗanda suka gani da idonsu, da takardar asibiti in akwai. Bidiyo ka bar shi yadda aka ɗauka, kada ka yanke, kada ka ɗora masa waƙa, kada kuma ka saki fuskar yaro ko ta mace ba da yardarsu ba. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, da aka kafa a 1995, tana da ofishi a Kano, haka ma hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta. In an kama ɗanka, sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya muddin akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, kuma daga Rijiyar Zaki zuwa kotunan Kano ko rabin haka ba a kai ba.