Katanga da Fuska: Bayani a Kan Tsaron Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Duk wanda ya saba da shagunan buga takardu na cikin birnin Kano, tun daga kewayen Kasuwar Kurmi har zuwa Ƙofar Mata, ya san yadda masu wannan sana'a kan riƙe tsohuwar babbar manhaja kamar kayan gado. Hujjarsu ita ce sabo. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna cewa sauyin da kan zo da sabuwar manhaja iri biyu ne: akwai na fuska, wanda ido ke gani, akwai kuma na katanga, wanda ba a gani. Galibi saboda ƙin na farko ake yin asarar na biyu, alhali kundin ɗalibi da rubutun marubuci a bayan wannan katanga suke kwana.

Da farko dai kalmar "ƙwaƙwalwa" kanta tana da matsala, domin Bahaushe ya haɗa abu biyu a cikinta. Akwai ma'ajiyar dindindin, wadda ta yi kama da rumbu. Akwai kuma wurin da ake shimfiɗa aiki muddin na'ura tana kunne, wanda ya fi kama da tsakar gida. Wannan na biyun shi ake nufi a nan. A Windows 95 da Windows 98 katangar da ke tsakanin manhajoji gajera ce, har wata kan iya yin rubutu a wurin da babbar manhaja ke amfani da shi, na'ura ta sandare, aikin yini ya salwanta. Windows XP, wadda ta fito a 2001, ta kawo wa jama'a tsarin da kowace manhaja ke da gidanta da katangarta.

Sai dai ɓarawo bai rasa dabara ba. Idan mai awo ya ci gaba da zuba gero bayan mudu ya cika, abin da ya tumbatsa a tabarmar maƙwabci zai sauka. Haka mugu kan aiko da bayani fiye da wurin da aka tanada, rarar ta malala, a cikinta kuwa ya ɓoye umurninsa, na'ura ta bi ba tare da ta sani ba. Ta irin wannan kafa ce cutar Blaster ta bazu a duniya a 2003, Sasser kuma a 2004. Maganin farko ya zo a babban gyaran da aka yi wa XP a 2004, inda aka yi wa sassan ajiye bayani alama cewa ba a karɓar umurni daga cikinsu. Watau an raba wurin kaya da wurin ba da oda. Na biyu ya zo tare da Windows Vista a 2007, kuma shi ya fi ban sha'awa: duk lokacin da aka tayar da na'ura, sai a sauya wa muhimman sassa mazauni. Ɓarawon da ya haddace hanyar turaka jiya, yau in ya faɗa sai ya tsinci kansa a madafa.

Ba wanda ya ga waɗannan gyare-gyare da idonsa. Abin da aka gani a Vista shi ne nauyi, da wani akwatin tambaya mai yawan neman izini kafin a girka manhaja. Mutane suka ƙosa, wasu suka kashe shi. Amma aikinsa aikin Sarkin Ƙofa ne, kuma Bakano bai kamata a yi masa dogon bayani a kan haka ba. Ganuwar da aka soma ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, ba a rushe ta gaba ɗaya aka ci birni ba. Ta wajen Ƙofar Kabuga Turawa suka shigo a 1903.

Game da fuska kuwa, labarin gajere ne. Windows 8 ta cire maɓallin farawa a 2012, aka yi ta ƙorafi, Windows 10 ta maido da jerin a 2015, Windows 11 ta kai shi tsakiya a 2021. Masu ƙorafin suna da gaskiya, domin mai buga takarda da hannunsa yake tunani, kuma kowane sauyi haraji ne a kan lokacinsa. Amma kamfanin Microsoft ya daina toshe kafofin XP a 2014, na Windows 7 a 2020, tallafin yau da kullum na Windows 10 kuma ya ƙare a Oktoban 2025. Na'urar da ta tsaya a can, ana cusa mata filashin kowa daga safe zuwa dare, gida ce mai kyawun zaure wanda katangarsa ta zube.

A nan ne aikin masana harshe ya shigo. An riga an fassara fuskar Windows zuwa Hausa, akwai ta a zamanin Windows 7, sai dai fassarar sunayen maɓallai ba ta kai wahalar fassarar gargaɗi ba. Gargaɗin da aka juyo kalma da kalma, mai shago zai danna "to" ne kurum ya wuce. Da za a ce masa wata baƙuwar manhaja ce ke neman shiga cikin gida, a tambaye shi ko ya san wanda ya aiko ta, da ya dakata, domin a cikin birni ba a wuce zaure sai da iso.