Tambuwal: Maƙwabciyar Gwandu, Amma 'Yar Sakkwato

"Kawu, wai mun shigo Jihar Kebbi ke nan?"

Ɗan ƙanwata ne ya yi mini wannan tambaya, muna kan titin Sakkwato zuwa Jega, mun baro Dogon Daji, Tambuwal na gabanmu. Na ce masa tukuna, sai mun doshi Aliero. Yaron bai gamsu ba. Ya ce a taswirar makarantarsu ya ga Gwandu nan kusa da Tambuwal, kamar ka miƙa hannu ka taɓa, alhali Sakkwato tana can baya, kusan kilomita 100. Me ya sa garin da ke jin ƙamshin tuwon Gwandu zai zama na Sakkwato? Ya ƙara da cewa ga Kebbe ma, sunanta kaɗai ya isa a ba Jihar Kebbi ita.

Na yi shiru, don gaskiyarsa. Na sha bin hanyar nan, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba.

Ta Kebbe na fara, don ita ce mai sauƙi. Kamar suna ce kawai ke ruɗa mutane. Jihar Kebbi ta samo sunanta daga tsohuwar daular Kabi ta Kanta, mai birnin Surame, wadda zuriyarta ke sarauta a Argungu. Kebbe kuwa gari ne mai zaman kansa a yankin Gulbin Zamfara, tsakanin Gummi da Jega. A zamanin En'e, ita da Gummi duk gundumomin Sakkwato ne. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, Gummi ta tafi, Kebbe ta zauna, har yau kuma mazaɓa ɗaya suke da Tambuwal a Majalisar Wakilai, kujerar da Aminu Waziri Tambuwal ya riƙe daga 2003 zuwa 2015.

Saura Tambuwal. Zato na farko shi ne sojoji ne suka ja layi yadda suka ga dama ranar 27 ga Agusta, 1991, sa'ad da gwamnatin Janar Babangida ta cire Kebbi daga Sakkwato. Da na duba, sai na ga ba sabon layi suka ja ba. Masarautu huɗu aka ɗauka ɗungurungum, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, aka ce su ne sabuwar jiha. Duk hakimin da ke kai gaisuwa fadar Sarkin Musulmi aka bar shi inda yake. Ke nan iyakar ta girmi jihar.

To ko Turawa ne? Sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, suka tsara gundumomi da hakimai don karɓar haraji. Amma a wannan yanki sun tarar da Sakkwato da Gwandu kowace da garuruwanta, kuma Tambuwal tana da gidan sarautarta tun kafin zuwansu. Dole na ƙara komawa baya.

A nan ne lamarin ya ƙara cukurkuɗewa. A 1812, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana zaune a Sifawa, ya raba ɗawainiyar mulki: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi, wanda daga baya ya zauna Gwandu. In an bi wannan rabo da ido, Tambuwal a tsakiyar rabon Abdullahi take. Bugu da ƙari, mutumin da ya kafa gidan sarautar Tambuwal, Muhammadu Buhari, a hannun Abdullahin ya yi karatu, ya zama malami, mawaƙin Larabci, kuma jagoran yaƙi. Ƙasa ta Gwandu ce a ido, malami na Gwandu ne. Ina Sakkwato ta shigo?

Kafin amsa, sai mun san abin da ya zaunar da Buhari a wurin. Masu jihadi sun ci Birnin Kabi a 1805, amma Kabawa ba su miƙa wuya ba. Sun koma wajen Argungu suna kai hari, kuma a 1849 Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabi, abin da ya hana Sakkwato da Gwandu barci har zuwan Turawa. Dabarar Sarkin Musulmi Bello ita ce ribaɗi: gari mai ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da mutane su yi noma, su yi karatu, su tsare hanya, a ɗora musu ɗan gida wanda ba zai gudu ba. Shi kansa a ribaɗin Wurno ya zauna har ya rasu. Tambuwal irin wannan gari ce, mai gadin kudu da hanyar da ta haɗa Sakkwato da Gwandu. Wanda ya san haka, in ya ga garin a gefen titi yau, zai dube shi da wani ido daban.

Kalmar "ɗan gida" ita ce ta kwance mini ƙullin. Buhari ɗan Shehu ne na cikinsa, ɗan'uwan Bello da Abubakar Atiku. Sarautar Gwandu ta zuriyar Abdullahi ce, 'ya'yan Buhari ba su da rabo a cikinta. Sarautar Sarkin Musulmi kuwa ta zuriyar Shehu ce, a nan gadonsu yake. A ganina, gidan da ke da hakkin neman gadon Sakkwato ba zai zama talakan wata fada ba, komai kusancinta. Ƙafarsu na ƙofar Gwandu, amma fuskarsu na kallon Sakkwato.

Wani zai ce wannan hasashe ne, tunda da Bello ya rasu a 1837 Atiku aka naɗa, daga nan sarautar ta riƙa yawo tsakanin gidan Bello da gidan Atiku, in ban da Ahmadu Rufa'i ɗan Shehu da ya yi daga 1867 zuwa 1873. Gidan Buhari ya shekara fiye da 150 yana jira. Hakkin da ba a taɓa amfani da shi ba, yana nan kuwa?

Shaidar tana garin da muka wuce kafin yaron ya yi tambayarsa. A Dogon Daji, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, aka haifi Ibrahim Dasuƙi a 1923, ɗan Sarkin Yamma Haliru, hakimin garin, daga zuriyar Buhari. A watan Nuwamba na 1988, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, aka naɗa shi Sarkin Musulmi na 18, na farko daga wannan gida. Naɗin ya jawo tarzoma a Sakkwato, kuma gwamnatin Abacha ta sauke shi a 1996.

Da muka dawo daga Jega da yamma, na sa direba ya rage gudu a Dogon Daji. Na ce wa yaron ya lissafa da kansa: 1988 zuwa 1996, ina 1991 ta faɗo? Ya ƙirga da yatsu, ya ɗago kai.

"Kawu, ashe ranar da aka yanke Jihar Kebbi, ɗan garin nan ne ke kan gadon Sakkwato."