Zanen 'Yan Japan Da Hukuncin Sura A Musulunci

Magidanta da dama sun tarar da littattafan makarantar 'ya'yansu cike da zanen mutane masu dara-daran idanu da tsayayyen gashi. Wannan salo shi ake kira manga. Daga Japan ya fito, kuma Osamu Tezuka, wanda ya soma labarin Astro Boy a 1952, yana cikin waɗanda suka kafa shi. Har Saudiyya ya kai, domin a 2021 kamfanin Manga Productions ya haɗa gwiwa da Toei Animation suka fitar da sinimar zane a kan rundunar Abraha mai giwaye.

To, mene ne hukuncin yaron da ke koyonsa? Malamai sun saɓa. Imamu Nawawi ya tafi a kan haramcin zana duk wani mai rai, hujjarsa kuwa har da hadisin labulen Nana A'isha. Abdullahi ɗan Abbas ma ya shawarci wani mai zane ya koma ga itatuwa. Amma Malikiyya, kamar yadda Shaihu Dardiri ya bayyana, abin da suka haramta shi ne sura mai jiki da inuwa da cikakkun gaɓoɓi. Ta kan takarda makaruhiya ce.

Inda babu saɓani shi ne tsiraici da girmama gumaka, wasu labaran manga kuwa ba su kuɓuta daga gare su ba. Saboda haka kafin uba ya yayyaga littafi, ya kamata ya zauna ya dubi abin da ɗansa ke kwafa, sa'an nan ya tambayi malami. Hannun da ya iya zane zai iya zayyanar Alƙur'ani ko taswirar gini. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.