Direban Da Ya Tsira

In babbar mota ta faɗi a hanyar Kano zuwa Kaduna, mukan tambayi mutum nawa suka mutu. Da wuya mu tambayi yadda direban da ya tsira yake bayan shekara biyu.

Karaya takan haɗu cikin 'yan watanni, amma ciwon wuya da na baya sukan daɗe, ga shi kuwa aikinsa zama ne bisa kujera yini guda. Wanda ya bugu a ka yana iya fama da mantuwa, da saurin fushi, har da farfaɗiya daga baya. Wani kuma jikinsa garau, amma yana mafarkin haɗarin, gabansa yana faɗuwa in ya ji ƙarar birki. Don kada mai mota ya sallame shi, sai ya yi shiru, ya haɗiyi tramol, ya ɗebi fasinja.

Uwargida, ke za ki fara ganin waɗannan alamu. Kada ki ce mugun hali ne. Ki lallashe shi ya koma wurin likita. Ciwon ƙashi da baya kuwa, akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ran maigidanki ne, da na waɗanda yake ɗauka.