Me Ya Sa Kirista Ba Su Yin Layya?

'Yan'uwana mata, 'yan makaranta sukan yi wannan tambaya in Babbar Salla ta zo. To, ga amsar bisa ga imanin Kirista.

A zamanin da, Isra'ilawa sukan yanka dabbobi a Haikalin Urushalima don neman gafara, kowace shekara sai an sake, har Romawa suka rushe Haikalin a shekara ta 70. Kirista sun gaskata jinin dabba ba ya iya kawar da zunubi. Saboda haka, in ji su, Yesu Almasihu, wanda suke kira Ɗan Rago na Allah, ya ba da ransa a kan gicciye a zamanin Gwamna Bilatus. A wurinsu hadayar nan sau ɗaya ce, ta wadatar har abada, kuma Allah ne ya tanada, ba mutum ba. Shi ya sa ba su yanka rago don neman gafara, sai su riƙa tunawa da ita da gurasa da ruwan inabi a Jibin Ubangiji.

Musulmi kuwa ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba. Amma sanin abin da maƙwabciyarki ta riƙe yakan hana gori da baƙar magana. Mu koya wa 'ya'yanmu haka.