Ko Ka Sani? Yadda Na'urar MRI Ke Gano Dalilin Langaɓewar Ƙafa

Langaɓewar ƙafa lalura ce da ke hana mutum ɗaga gaban sawunsa da yatsunsa sama, ta yadda idan yana tafiya yatsun kan riƙa jan ƙasa, silifa ta riƙa suɓucewa, har sai ya ɗaga gwiwa fiye da ƙima kamar mai hawan matakala don gudun tuntuɓe. Sau da yawa ƙafar kanta lafiyarta ƙalau, aibin yana cikin jijiyar da ke kai wa tsokokin gaban ƙwauri umarnin motsi, wadda likitoci ke kira feroniyal. Reshe ne na babbar jijiyar da ta taso daga ƙasan gadon baya ta ratsa mazaunai da bayan cinya, kuma a gefen gwiwa na waje takan kewaya wuyan siririn ƙashin ƙwauri, inda fata da ɗan kitse kaɗai suka lulluɓe ta. A nan ne aka fi danne ta, ko ta hanyar yawan harɗe ƙafa, ko doguwar tsugunne, ko ɗaurin karaya da ya matse, ko ramewa ta farat ɗaya, ko wani ƙari da ya tsiro kusa da ita.

Wahalar da likita ke fuskanta ita ce wannan alama guda tana iya fitowa daga wurare dabam-dabam: daga gwiwa, ko daga mazaunai inda allurar da aka yi ba daidai ba ta taɓa babbar jijiya, ko daga ƙashin baya inda faifan guringuntsi ya zame ya danne saiwar jijiya. Kuturta ma tana kumbura wannan jijiya a daidai gwiwa. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, saboda haka ake komawa ga MRI.

Na'urar ba ta amfani da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Zuciyarta wani ƙaton maganaɗisu ne mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3, tesla kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, kuma tesla 1.5 ya ninka maganaɗisun duniya wajen sau 30,000. Idan aka shigar da majinyaci, ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwa da kitsen jikinsa sai su jeru, a girgiza su da igiyar rediyo, sannan kwamfuta ta tattara saƙon da suke fitarwa yayin komawa mazauninsu ta mayar da shi hoto. Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila ne suka aza harsashin wannan fasaha, aka ba su kyautar Nobel a 2003, yayin da Aaron Filler da Franklyn Howe suka bayyana dabarar ɗaukar hoton jijiyoyi da ita a Landan a 1992, ta hanyar dusashe hasken kitse domin jijiya ta fito fili.

A irin wannan hoto, jijiyar da aka danne takan bayyana a kumbure kuma da haske fiye da 'yar'uwarta ta ɗaya ƙafar, sannan a ga abin da ya danne ta, misali ƙari mai ruwa da ya taso daga ƙaramar gaɓar da ke ƙasan gwiwa ya bi ta cikin jijiyar. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne shaidar da tsokoki ke bayarwa, domin tsokar da saƙo ya yanke mata takan yi haske cikin 'yan kwanaki, alhali gwajin allurar lantarki yakan buƙaci mako 2 zuwa 3 kafin ya nuna irin wannan sauyi. Idan tsokokin gaba da na gefen ƙwauri kaɗai suka sauya, zargi yana kan gwiwa. Idan kuwa tsokar can cikin sha-raɓa mai juya sawu ciki ita ma ta taɓu, to, matsalar tana sama da gwiwa, domin wata jijiya dabam ce ke kula da ita, sai dai saiwarsu ɗaya ce a ƙashin baya.

Duk da haka, MRI ba ta maye gurbin gwajin lantarki, wanda shi ne ke auna yadda saƙo ke gudana a jijiya, kuma wajibi ne a tantance duk mai ƙarfe ko na'urar bugun zuciya a jikinsa kafin ya shiga. Jijiyar da ta lalace takan sake tsirowa da kimanin milimita 1 kacal a rana, tsokar da ta daɗe ba saƙo kuwa takan motse kitse ya cike gurbinta, lamarin da hoton ke nunawa ƙarara. Da wannan bayani ne likita ke yanke shawara ko a jira tare da gashi da takalmin tallafi, ko a gaggauta tiyata a sassauta wa jijiyar tun tsokar tana da sauran ƙarfi.