Abin da ke riƙe da waya a cikin tayar tirela

Duk mai bin hanyar Legas zuwa Ibadan ya saba ganin ɓawon taya yashe a gefen titi, wayoyi sun yi cirko-cirko. Mukan ce taya ta yi bindiga, amma sau da yawa ba ƙusa ba ce. Roba ce ta saki wayar da ke cikinta.

Roba ba ta kama ƙarfe haka kawai. Shi ya sa a masana'anta ake yi wa wayar rufi siriri na jan ƙarfe haɗe da tutiya. Idan aka gasa tayar, farar wutar da ke cikin robar sai ta haɗu da jan ƙarfen, su manne. Don mannewar ta daɗe, ana zuba wani ƙaro na sinadaran resosinol da fomaldihaid, da ɗan gishirin kobal. Zaren lailon da ke cikin wasu tayoyin ma sai an tsoma shi a irin wannan ƙaron kafin roba ta yarda da shi.

Zafi da danshi ne ke cinye wannan haɗin. A sha'anin dabbobi na tashi, na kuma san yadda ake cika tirela da shanu daga Potiskum ko Maigatari har Kara, direba na sauri kada dabba ta kwanta. Lodi ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, taya sai ta ɗau zafi kamar garwashi. Ga damina a nan kudu: ƙaramin yanka ya isa ruwa ya kai ga waya, tsatsa ta bi ta ciki, mai faci kuwa waje kawai yake gani.

Ba mu kaɗai ba ne. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka saboda bayansu na ɓarewa ana cikin tafiya.

Abin da ke damuna da tayar tokumbo ke nan. Zanenta na iya zama raɗau, alhali ƙaron ciki ya gaji. Kafin ka biya, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2319 na nufin sati na 23 a shekarar 2019. Ka shafa ta da hannu kuma, in ka ji ƙulu ko kumburi, bar wa mai ita kayansa.